Gargaɗi ga masu sauya inji a Abuja game da akwatin gyaran agogon RPM

Ina jan hankalin masu motoci a Abuja, musamman waɗanda suka sauya inji ko suka ɗaura sabon agogon RPM, wato mai nuna yawan juyin inji a minti ɗaya, kan wata damfara da wasu ɓata-gari cikin masu wayarin suke yi. Idan an gama aiki allurar agogon ta ƙi motsi, sai su ce ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta ƙone, ko kuma su fito da wani ɗan baƙin akwati da suke cewa daga waje aka kawo shi, su yanka masa farashi na dubban nairori. Akwatin cike yake da gam mai tauri domin kada a buɗe. Wanda aka fasa a gabana, babu komai a cikinsa sai wayoyi da rizista (ɗan ƙaramin abu mai rage yawan wutar da ke bi ta waya) ƙwaya ɗaya mai zobe ruwan ƙasa da baƙi da ruwan lemo, wato mai ohm 10,000, wadda a wurin masu gyaran rediyo kuɗinta bai kai na kofin shayi ba.

Abin da suke ɓoyewa shi ne, a motoci da yawa wayar da ke fitar da sigina daga ƙwaƙwalwa ba ta ba da wuta da kanta. Aikinta kawai ta haɗa layin da jikin mota ta kuma sake shi, sau biyu a kowane juyi idan inji mai silinda huɗu ne. Idan ta sake shi kuma babu abin da zai mayar da layin kan wuta, agogo ba zai ga abin ƙirgawa ba, ko da ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau. Rizistar da aka haɗa tsakanin wayar sigina da wutar bolt 12 da ke zuwa idan an murɗa makulli ita ce ke yin wannan aiki, kuma galibi mai ohm 1,000 zuwa 10,000 ta wadatar. Wanda ya jona wutar kai tsaye ba tare da rizista ba yana iya ƙona transistar da ke haɗa layin da sake shi a cikin ƙwaƙwalwar, daga nan ƙaryar ta zama gaskiya, asarar kuma ta faɗa kan mai mota.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cire ƙwaƙwalwa mai lafiya su riƙe ta a matsayin ƙonanniya, su sayar wa wani. Kada ku bar taku a hannun kowa, ko da an ce ta mutu.

Ba kowane akwati ne na bogi ba. Tsofaffin agogunan da ke ɗaukar sigina daga koyil suna jiran bugun wuta mai ƙarfi, haka nan idan an sa inji mai silinda shida a gurbin mai huɗu, allura za ta nuna fiye da ainihin juyin, kuma rizista ba ta magance ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka ku nemi mai wayarin ya gwada rizistar a gabanku kafin a yi maganar sayen wani abu. Idan ya ƙi, ku ɗauki motarku ku kai wa wani, domin ko a Apo kaɗai akwai masu gaskiya da yawa da suka san aikin.