Katakon siffofi ko akwatin lissafi: wanne ya dace da 'yar aji biyu?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tunda yarinyar tana aji biyu, kuma abu ɗaya za ki iya saya a yanzu tsakanin akwatin lissafi irin na ƙarfe da katakon siffofi, to katakon za ki ɗauka. Duka biyun sun shigo gidana, na ga abin da kowanne ya tsinana wa yara.

Nawa katakon ma ba a shago na saya ba. Wani kafinta ne a bakin layinmu ya yanka mini daga ragowar filawud, ya goge bakinsa da samfefa har ya yi santsi. Abin da ya kai ni gare shi babbar 'yata ce. Ta iya sunaye tsaf, in kin nuna mata hoto a littafi za ta ce wannan da'ira ce, wannan murabba'i, wannan alwatika. Amma wata rana malamarsu ta zana murabba'i a tsaye kan kusurwarsa ɗaya, yarinya ta kafe cewa wannan ba murabba'i ba ne. Aka zana mata alwatika doguwa siririya, ta ce ita ma ba alwatika ba ce, ai alwatika ba haka take ba. A wurinta gaskiya ta faɗa, domin a littafinsu alwatika iri ɗaya ce kullum: gefe uku daidai wa daida, zaune daram kan gindinta, tsininta a sama. Hoton ta haddace, siffar ba ta kai ga saninta ba.

Da katakon ya zo ban yi mata wani dogon bayani ba. Na ajiye mata murabba'in a kan tabarma na ce ta juya shi. Ta juya, ta mayar, ta sake juyawa, sai ta ɗago tana dariya ta ce, "Umma, ashe shi ne!" Wallahi har yau ina jin daɗin wannan maganar. Daga nan ita da kanta ta shiga ƙirga gefe da kusurwa, tana rufe ido ƙaninta yana sa mata ɗaya a hannu tana lalubawa ta faɗi sunansa. Wani dare muna zaune bayan sallar isha'i ta haɗa alwatika biyu suka zama dogon murabba'i, irin surar ƙofa, ta kira babanta ya zo ya gani. Shekaru bayan haka da suka kai ga lissafin faɗin alwatika, inda ake cewa rabin gindi sau tsayi, ba ta sha wahalar haddacewa ba. Ta riga ta san inda rabin ya fito, tunda da hannunta ta taɓa raba dogon murabba'in nan gida biyu.

Wannan abin da ya faru da 'yata ba nata ba ne ita kaɗai. Wasu malaman lissafi 'yan ƙasar Holan, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, sun yi nazari a kai a 1957, kuma har yanzu masu horar da malamai suna amfani da bayaninsu. Sun ce fahimtar siffofi hawa-hawa take zuwa. Da farko yaro yana gane siffa ne da kamanninta kawai: wannan ya yi kama da ƙofa, wannan ya yi kama da faifai. Daga baya ya fara lura da halayenta, cewa murabba'i gefensa huɗu tsawonsu ɗaya, kusurwoyinsa huɗu duk a miƙe suke kamar kusurwar ƙofa. Sai bayan wannan ya iya danganta wata siffa da wata, ya kawo dalili. Abin da ya fi kama hankalina a maganarsu shi ne, hawa daga mataki zuwa mataki ya fi dogara ga irin koyarwa da aikin da yaro ya samu fiye da yawan shekarunsa. Yaro zai iya shiga sakandare yana nan a matakin farko, in ba a taɓa ba shi siffa ya juya, ya ware, ya haɗa ba. 'Yar aji biyu tana tsakanin mataki na farko da na biyu ne, kuma abin da ke haurar da ita shi ne abin da za ta riƙe a hannu. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar rainon yara a ƙarni na 19, da ƙwallo da kiyub (surar dunƙulen magi) da silinda (surar gwangwani) na katako yake fara wa yara. Haka ma Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, ta sa an yi wa yara siffofin katako suna bin gefensu da yatsa.

In za ki je wurin kafinta, akwai abu ɗaya da ya fi komai muhimmanci: a yi gefunan da awo ɗaya domin su riƙa haɗuwa da juna. Ga yadda nawa yake. Murabba'i guda huɗu, kowane gefe santimita 10. Dogon murabba'i guda biyu, santimita 10 a faɗi, 20 a tsayi, yadda murabba'i biyu za su rufe shi cif. A yanka wani dogon murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ba ki alwatika biyu. Sai alwatika shida masu gefe daidai, kowane gefe santimita 10. In an jera su tsininsu na haɗuwa a tsakiya za su ba ki siffa mai gefe shida irin ta ɗakin saƙar zuma. Da'ira guda biyu, ɗaya a bar ta cikakkiya, ɗaya a raba ta gida huɗu, wannan zai yi miki amfani ranar da aka fara rabi da kwata. Kada ki manta da alwatika doguwa siririya da wata karkatacciya, su ne maganin haddar hoto.

Idan filawud ɗin ya ragu, ki sa ya ƙara miki tangiram, wasan nan da ya fito daga ƙasar Sin. Murabba'i ɗaya ne ake yankawa gida bakwai: manyan alwatika biyu, matsakaiciya ɗaya, ƙanana biyu, ƙaramin murabba'i ɗaya, da wata mai gefe huɗu a karkace. Ki nemi zanen a waya ki nuna masa, santimita 20 a kowane gefe ya isa. Da guntayen nan bakwai ake haɗa kyanwa, jirgin ruwa, gida, mutum yana gudu. A gidana shi ne ya fi shan hannu, har manya sukan zauna suna fama da mayar da shi murabba'insa na asali.

Siffofi masu jiki kuwa kada ki kashe musu ko kwabo, suna nan a kicin ɗinki. Dunƙulen magi kiyub ne: fuska 6, gefe 12, kusurwa 8, ki bar ta ta ƙirga da kanta. Ga akwatin ashana, ga gwangwanin madara, ga mazurari, ga ƙwallo. Ki tambaye ta wanne ke gangarawa, wanne ke zama, wanne ke iya yin duka biyun. Ki warware kwalin sabulu ki shimfiɗa shi ta ga fuskokinsa shida a kwance, sannan ta mayar da shi kwali.

Akwatin lissafi fa? Yana da ranarsa, amma ranar ba ta zo ba. Kayan awo ne da zane: rula, kwamfas na zana da'ira, wani mai tsini biyu, ma'aunin kusurwa, da alwatikan roba biyu. Wanda na saya wa ɗana tun yana ƙaramin aji, kafin zango ya ƙare fensir da abin gogewa kaɗai suka rage masu amfani, tsinin kwamfas kuma ya huda littafi da jaka da yatsan ƙanwarsa. Ma'aunin kusurwa yana da layin lambobi biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kowanne daga 0 zuwa 180. Yarinyar da ba ta gama sanin mece ce kusurwa ba, ruɗa ta kawai zai yi. Ki buɗe littafin lissafinta ki duba, za ki ga abin da ake nema daga gare ta shi ne gane siffofi, sunayensu, ƙirga gefe da kusurwa, da ware su kashi-kashi. Auna kusurwa da digiri sai manyan azuzuwan firamare.

Ko abubuwan da ake ganin sai da akwatin, yawancinsu ana fara su ba tare da shi ba. Ki yanka alwatika kowace iri a takarda, ki yage kusurwoyinta uku ki jera su tsini na haɗuwa da tsini, za su ba ki miƙaƙƙen layi. Wannan shi ne digiri 180 da za a ce mata ta haddace nan gaba. Ki kewaya murfin tukunya da zare, ki yanke, sannan ki gwada zaren a faɗin murfin ta tsakiya: sau uku ne da ɗan ɗoriya, ko murfin babba ne ko ƙarami. Ɗan ɗoriyar nan ita ce ta sa ake rubuta 22 bisa 7, ko 3.14.

Ba ki tambaya ba, amma bari in ja miki kunne game da masu sayarwa, domin a nan ake cutar iyaye. Masu tallar kayan yara a Facebook da WhatsApp da yawansu sukan ɗauki hoto daga kusa, ki ga katako manya-manya, in saƙo ya iso ki tarar ko tafin hannun jariri bai cika ba. Kafin ki tura kuɗi ki ce a faɗa miki awonsa da santimita, ko a ɗora shi kusa da rula a ɗauko miki bidiyo. Wanda ya fara kame-kame ki bar shi. Kada kuma sunan Montessori a jikin kwali ya ruɗe ki, kowa na iya buga shi, wasu kuma don su ninka farashi kawai suke yi. Ki karce fentin da farce, in ya ɓare kada ki saya, domin akwai fentin da ke ɗauke da dalma, ita kuma tana illa ga ƙwaƙwalwar yara, kin san komai baki suke kai shi. Shi ya sa nawa ban bari an yi masa fenti ba sam. In akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, duk guntun da zai iya shiga bakinsa ki ɗauke shi. Shi ma kafintan kada ki karɓi aiki ba ki gwada ba: ki auna murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyun, in awon bai zo ɗaya ba to a karkace yake, ya sake yankawa. Murabba'in da ba murabba'i ba ya fi rashinsa illa.

Ranar da lokacin akwatin ya yi, can ma sai kin buɗe ido. Wanda kowa ya sani shi ne Oxford na kamfanin Helix na Ingila, kuma saboda sunan da ya yi ne jabunsa ya cika kasuwa, launi ɗaya, rubutu kusan ɗaya. Araha ba ta ado. Ki ce mai shago ya buɗe a gabanki. Ki gwada rular da tef ɗin tela ko wata rula da kika yarda da ita. Ki jera alwatikan roba biyun a kan rula, miƙaƙƙun kusurwoyinsu baya da baya, in kin ga gibi a tsakani to ba su cika digiri 90 ba. Ki sa fensir a kwamfas ki zana da'ira, in layin bai dawo ya haɗu da inda ya fara ba, ƙafarsa sako-sako ce, yaro zai yi ta zanawa yana ɗauka laifinsa ne. Lambobin ma'aunin kusurwa ma ki goga su da yatsa, na jabu nan take suke fara gogewa.

In kuwa makarantarsu ta sa akwatin cikin jerin kayan dole, ki cire kwamfas da mai tsini biyun ki ajiye a gida, ki bar mata rula da fensir ta je da su. Amma kuɗin da ke hannunki yanzu, ki rubuta awon nan a takarda ki kai wa kafinta. Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani.