Sharhi kan lambun renon itatuwa na wata makarantar firamare a yankin Gumel

Ƙungiyar iyaye da malamai ta wannan makaranta ta daina dogaro da karo-karon da ake ɗora wa iyaye kowane zangon karatu, ta buɗe lambun renon itatuwa a bayan ajujuwa, inda ake sayar da dashen zogale, darbejiya, gwaiba da mangwaro, kuɗin kuma ya tafi sayen alli da gyaran benci.

Abin da ya fi burge ni shi ne mazubin. Ɗalibai ne ke tsinto ledojin fiya wata daga kasuwa, a huda gindinsu, a cika su da ƙasa haɗe da takin dabbobi, don haka ledar da da za ta toshe magudana ko akuya ta haɗiye ta zama gidan tsiro. A Jigawa, wadda ke cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa na yaƙi da kwararowar hamada ya shafa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Zogalen da darbejiyar da na saya sun kama ba tare da wahala ba. Mangwaron ne bai gamsar da ni ba, domin ledar ta yi masa kaɗan, saiwarsa ta nannaɗe a ciki, kuma ba mai aure ba ne, saboda haka zai daɗe kafin ya yi 'ya'ya.

Farashinsu bai kai na kasuwa ba. Mai son saye ya je a watan Yuli, lokacin da damina ta zauna, ya kuma tanadi ƙaya ta shinge, domin makarantar ba ta sayar da kariya daga awaki.