Maganin tsutsar tundurmi: Mectizan da albendazole ko DEC?

Malam, ka tambaya wane magani za ka nema wa mara lafiyarka mai tsutsar tundurmi. Tsakanin ƙwayar DEC (diethylcarbamazine) da mai kemis ya nuna maka da Mectizan ɗin da ake haɗawa da albendazole, ɗauki na biyun, kuma a asibiti za ka karɓa.

Mu a gidanmu shi muka sani. Shekarar da masu rabon maganin suka zo ƙauyen mahaifiyata ina can, suka kafa sandar awo a bakin zaure, kowa ya tsaya a jikinta. Da tsayi ake auna Mectizan, ƙwayar miligiram 3 ce: daga santimita 90 zuwa 119 ƙwaya ɗaya, zuwa 140 biyu, zuwa 158 uku, wanda ya wuce haka huɗu. Albendazole kuwa ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 400, babba da yaro. Inna ta dinga mita wai an ba jikanta huɗu ita biyu, sai da aka nuna mata yaron ya kere ta a sanda, muka yi ta dariya. Ta sha, ta kwana da ɗan ƙaiƙayi da jiri, washegari tana tsakar gida tana surfe. Sau ɗaya ake sha a shekara, amma sai an jera aƙalla shekara 5, don ƙananan tsutsotsin da ke cikin jini yake kashewa, iyayen kuwa sukan kai shekara 6 zuwa 8 a jiki suna haihuwa. Ba a ba mai ciki, da yaron da bai kai santimita 90 ba, da wanda ke kwance rai a hannun Allah. Wanda ya daɗe a dazukan kudu ya faɗa wa likita tukuna, saboda tsutsar ido da ake kira Loa loa.

DEC yana aiki, ba zan hana shi haƙƙinsa ba, miligiram 6 ne a kowane kilo na nauyin mutum. Amma ni na yi da-na-sani. Na saya wa kawuna da ya yi shekaru yana noma a bakin rafi a Taraba, kafin la'asar jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ga zazzaɓi, ido ja wur. Ashe yana ɗauke da tsutsar makantar rafi, ita kuwa in DEC ya same ta ido ne ke shan wahala. Shi ya sa ba a rabon sa a Najeriya. Likita ya wanke ni tas ranar.

Ka kai mara lafiyar a ɗebi jininsa da dare, tsakanin ƙarfe 10 da 2, lokacin tsutsar ke fitowa. Ka kuma tambayi likita batun doxycycline, miligiram 200 kullum na sati 4 zuwa 6, shi ne ke gamawa da iyayen tsutsar, sai dai ban da mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8.

Sannan ka yi hattara da masu tallan magani a mota da lasifika. Mectizan na rabo kyauta kamfanin Merck ke bayar da shi tun 1987, duk wanda ya ƙulla maka shi a leda ya ce kawo kuɗi, ko sato shi ya yi ko jabu ne. Wanda kuma ya ce ƙwaya za ta sace ƙafar da ta riga ta kumbura, kuɗinka yake so. Ƙafa sai wanki da sabulu kullum, a tsane tsakanin yatsu, a ɗora ta kan matashi in za a kwanta. Gwaiwa kuwa tiyata ake yi mata.