Kilomita 100 a tashi ɗaya, ko a raba ta Juma'a 5?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ku huɗu ne abokai a Jidda, kuna son yin tattakin kilomita 100 don jawo taimako ga 'yan'uwanmu da yaƙin Sudan ya raba da gidajensu, amma kanku ya rabu: wasu na son a yi ta dare da rana ba tsayawa, wasu kuma a riƙa cin kilomita 20 kowace Juma'a. Allah ya saka muku da alheri. Ni ina tare da masu cewa a raba, amma bari in ba kowane ɓangare haƙƙinsa.

Tafiyar tashi ɗaya tana da asali. Sojojin Gurkha na rundunar Birtaniya ne suka fara ta a Hong Kong a 1981 a matsayin atisaye, a 1986 ƙungiyar agaji ta Oxfam ta shigo aka buɗe wa farar hula, ita ce ake kira Trailwalker. Mutum 4 ake yi, ku tashi tare ku isa tare, cikin awa 48 a Hong Kong, a Ingila kuwa awa 30. Sai dai mutum huɗun da kake gani a hoto ba su kaɗai ba ne. Akwai tashoshi a kan hanya, da masu duba ƙafa, da motar 'yan'uwa mai ɗauke da abinci da kayan canji. Ku idan za ku yi taku, duk wannan a wuyanku yake.

Yi lissafi. Da safe lafiyayyen mutum yana cin kilomita 5 a awa. Bayan ya wuce 60 sai ya koma jan ƙafa, ga salloli, ga cin abinci, ga ɗaure yatsu. Da wuya ku gama ƙasa da kwana guda cur, wato ko da wane lokaci kuka tashi sai tsakar rana ta riske ku a hanya. Ka kuma san Jidda: iskar teku jiƙe take, zufa ba ta bushewa a jiki, shi ya sa jikin ba ya hucewa. Ba banza hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba ba.

Abin da ya fi kayar da mutane ma ƙafa ce. Safa ta jiƙe, fata ta yi laushi ta yi fari, diddige ya fara zafi kaɗan-kaɗan, kafin ka ankara bororo ya tashi. Daga nan sai ka canza taku don kare wurin, gwiwa ta ɗauki nauyin, cinya ta saɓe. Wajen ƙarfe 3 na dare barci ya taso, mai fara'ar cikinku ya yi gum, mai sauri ya fara jin haushin na baya. A irin wannan tafiya, mafi rauninku shi ne ma'auninku, kuma kunya tana sa mutum ya ɓoye jiri har ya faɗi. Wannan ne abin da nake ji muku tsoro.

Amfaninta kuwa ba a musu. Mutane suka ji an ce kilomita 100 ba barci, hannu yana saurin shiga aljihu, kuma waɗanda suka sha wuyar dare ɗaya tare ba sa mantawa da juna.

Ta rabawar ba ta da wannan armashi, amma ta dace da rayuwarmu a nan. Yawancinmu direbobi ne da masu tsaron shago, Juma'a kaɗai muke da ita. Kuna sallame Asuba ku kama bakin teku ta Kurnish, inda akwai hanyar masu ƙafa da fitilu da masallatai da wurin sayen ruwa. Awa 4 zuwa 5 kun gama, kun yi wanka kun samu Juma'a. Wanda ƙafarsa ta fashe yana da mako guda ya warke. Dattijo ko mai ciwon sukari da likita ya yarje masa zai iya raka ku kilomita 5 ya koma, ya samu rabonsa na lada. Rauninta ɗaya ne: mako na uku zumuɗi ya kwanta, mai gidan wani ya kira shi aiki, masu bayarwa su manta. Maganinsa ku yi alkawari tun farko cewa ba a tafiya sai an cika huɗu, kuma kowace Juma'a ku sanar da mutane inda aka kwana.

Batun kuɗi ɗaya ne a duka biyun, kuma ku riƙe shi da kyau. A nan Saudiyya laifi ne a tara gudummawa ba tare da izini ba, don haka kada riyal ko ɗaya ya shiga asusun waninku. Ku nuna wa mutane ƙofofin da hukuma ta amince da su: manhajar Ihsan da aka buɗe a 2021, ko Sahim ta Cibiyar Agaji ta Sarki Salman, wadda ta nan aka buɗe gangamin taimaka wa Sudan a watan Mayun 2023. Wanda ya bayar ya turo muku hoton rasit. Kada ku ɗaga kyalle ko ku tara jama'a, kuma kowa igamarsa, wato katin izinin zama, na aljihu. Babbar hanyar Makka da Jidda kuma ku cire ta a lissafi, ta motoci ce.

Idan abokanka sun dage sai tashi ɗaya, to su bari sai tsakanin Disamba da Fabrairu, su samu mota da direban da zai bi su, kuma su fara gwaji: kilomita 35 yau, gobe da asuba a ƙara 15 a kan gajiyar. Takalmin da aka saba da shi za a sa, ba sabo ba, da safa ta canji, da basilin, da dabino da ruwan gishiri da sukari. Duk alwala a bar ƙafa ta bushe sosai kafin a mayar da safa. Idan mutum ɗaya ya kasa wannan gwajin, a koma tsarin Juma'a 5.