Gargaɗi kan masu tallar na'urar roka ta mota

Ana jan hankalin masu motoci game da wasu 'yan damfara da ke tallata wata na'ura a intanet, wato tukunyar iska da bututu, wai idan aka ɗaura ta a bayan mota za ta riƙa zabura kamar roka. Sukan nemi kuɗin kafin alƙalami, daga nan ko dai su yi layar zana, ko su aiko da tarkacen da ba zai tsinana komai ba.

Abin da suke fakewa da shi shi ne maganar da Elon Musk, shugaban kamfanin ƙera motoci na Tesla, ya yi a shekarar 2018, cewa za a iya sanya wa motar Tesla Roadster ƙananan rokoki kusan 10 masu fesar da matsattsiyar iska. Tushen maganar gaskiya ne, domin duk abin da ya feso iska baya, iskar za ta tura shi gaba, kamar yadda dokar Newton ta uku ta bayyana, kuma wannan turin bai dogara da yadda taya ke kama kwalta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan iskar da ake buƙata. Saɓanin rokar da ke ƙona mai, matsattsiyar iska da ba a ƙona ta ba tana fita ne da gudun da bai wuce kimanin mita 700 a daƙiƙa ba, saboda haka kafin a yi wa mota mai nauyin kilo 1,500 turin da ya kai rabin nauyinta, sai an fesar da iska fiye da kilo 10 a kowace daƙiƙa. Tukunya mai cin lita 12, irin wadda masu nutso a teku ke goyawa, iskar cikinta kimanin kilo 3 ce idan an cika ta. Ke nan za ta ƙare tun daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba, kuma gudun da za ta ƙara wa motar, ko da komai ya tafi daidai, bai wuce kilomita 5 a awa ba. Tukunyar da suke nunawa a bidiyo kuwa sau da yawa ba ta ma kai wannan girman ba.

Asarar kuɗi ita ce mai sauƙi. Tukunyar da ba a gwada ƙarfinta ba tana iya tarwatsewa idan aka matsa mata iska sosai, ko idan wata motar ta buge ta daga baya, sannan fesar kanta tana iya watsa tsakuwa a kan duk wanda ke biye da motar.