Garanti ya kusa ƙarewa: ƙarin kamfanin mota ko na 'yan waje?

Ɗan'uwa, ka ce saura wata biyu garantin motarka ya ƙare, kuma an kawo maka tayi biyu: ƙarin garanti daga kamfanin da ya ƙera motar, da wani mai araha daga 'yan waje, wato kamfani mai zaman kansa da ba shi ya ƙera motar ba. Kana son sanin wanne ya fi.

Fara buɗe littafin motar ka ga me zai ƙare, domin sau da yawa garanti biyu ne a jikin mota ɗaya. A Amurka, Toyota na ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, amma injin da giyabos sai shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai da Kia a can suna kai na injin da giyabos shekara 10 ko mil 100,000 ga wanda ya sayi motar sabuwa. Idan taka haka take, kada ka biya kuɗi a kan abin da har yanzu yake wuyan kamfani.

Na kamfanin mota ya fi tsada, wannan ba gardama. Abin da kake saya da tsadar shi ne kwanciyar hankali ranar da mota ta tsaya: ka kai ta wurin dila, su duba, su sa kayan gyara na asali, su nemi kuɗinsu a hannun kamfani. Matsalarsa biyu ce. Yawanci sai a garejin dila za a yi gyaran, kuma kamfanoni da dama ba sa sayar da shi bayan garantin farko ya ƙare, wasu kuma su ƙara kuɗi. Wata biyun nan naka ke nan ba na wasa ba ne.

Na 'yan waje kuwa sunansa kawai garanti, a zahiri kwangilar gyara ce. Yana karɓar tsohuwar mota mai tafiya da yawa, kuma galibi kai za ka zaɓi makanikenka. Amma ba a taɓa ko kusa ɗaya sai an kira su sun amince. Suna iya turo mai dubawa, suna iya cewa a kwance injin a gano musabbabi, idan kuma suka ce lalacewar ba ta cikin yarjejeniya, kuɗin kwancewar a kanka yake. Wasu suna ƙayyade kuɗin aikin makanike, ragowar ka cika. Wasu suna da damar sa kayan da aka taɓa amfani da su. Da yawa kuma suna da lokacin jira, kamar kwana 30 da mil 1,000, kafin su fara biya. Ka kuma tambayi kamfanin inshorar da ke tsaya musu, don idan suka durƙushe babu mai tsaya musu, takardarka ta zama ta banza.

Inda aka fi cin mutane shi ne yadda aka rubuta takardar. Akwai wadda ke lissafa abin da za ta biya, duk abin da ba a ambata ba babu shi. Akwai wadda ke biyan komai sai abin da ta cire da suna. Ta biyun ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman ga motocin yanzu da kwamfuta da wayoyi suka cika. Taya, fatar burki da kulocin da ya cinye dai kusan kowa cire su yake yi. Rasit ɗin juyen mai kuma adana shi kamar takardar gida, rashinsa kaɗai ya isa a hana ka.

Da ni ne, kuma zan riƙe motar wasu shekaru, na kamfanin mota zan ɗauka, irin mai biyan komai sai abin da ya cire, in kuma taya, domin dillalai na da riba a ciki kuma suna ragi. Idan motar ba ta da tarihin ba da wahala, zan bar duka biyun in riƙa ware kuɗin gyara a gefe duk wata. Na 'yan waje sai in sun ba ni cikakkiyar kwangilar na karanta a gida kafin in biya ko sisi.