Zuwa ga 'yan majalisar Bauchi Road: wai a nan ne gwamnati ba ta sa baki a kasuwa?

Salam jama'a, da fatan kowa lafiya, ya sanyin Jos? Ko da yake ni yanzu in kun ce sanyi dariya kawai nake yi, don wanda ke nan jihar Michigan ta Amurka in ka fita ba safar hannu sai ka ji kamar ana yanka maka yatsu da reza.

Kawu, kai nake son in fara ba amsa, tunda kai ne kullum a teburin mai shayi kake cewa matsalar Najeriya gwamnati ce ta cika shisshigi, a sakar wa 'yan kasuwa mara kamar yadda ake yi a Amurka. Ni ma da wannan tunanin na hau jirgi wallahi. To shekarata biyu ke nan a Ann Arbor, garin da mutanensa ba su fi dubu 120 da 'yan kai ba amma ɗaliban jami'a sun haura dubu 50, wato kamar a ce Unijos ta haɗiye rabin Jos, kuma abin da na gani ya sha bamban da hirarmu.

Satina na farko na so in yi aski. Dala 25 aka caje ni, ga kuma wani ɗan ihsani da ake ɗorawa a kai wanda in ba ka bayar ba za a dinga kallonka kamar ka yi sata. Na ce wa wani ɗan Gana da muke gida ɗaya ai ni na iya aski tun a Unguwar Rogo, bari in sayi kilifa in riƙa yi wa 'yan Afirka a rabin kuɗi. Ya ce in rufa wa kaina asiri, a jihar nan sai ka yi makarantar aski ta awanni sama da dubu, ka ci jarrabawa, a ba ka lasisi ka rataye a bango, kuma ni da bizar karatu ma awa 20 kacal a sati aka yarda in yi aiki, shi ma a cikin makaranta. Abinci ma haka. Doka ta yarda ka gasa biredi ko cincin a kicin ɗinka ka sayar in ka manna takarda mai bayanin abin da ke ciki, amma nama a'a, don haka maganar in kafa tukuba in yi tsire a bakin titi ta mutu tun ba a haife ta ba. Magani kuwa kar ma a yi zancen, ba wani shiga kemis ka ce a haɗa maka na zazzaɓi na ɗari biyar, ko amoksilin sai da takardar likita. Hatta dusar ƙanƙara in ta zuba, doka ce ka share hanyar ƙofar gidanka cikin awa 24. Kwalbar lemo da ka sha ma akwai santi 10 a kanta, sai ka mayar a ba ka abinka.

To amma zo ka ga inda suka saki kasuwa, wajen haya. Tun 1988 jihar Michigan ta hana kowane gari ƙayyade kuɗin haya, saboda haka mai gida abin da ya ga dama yake sawa, kuma ya san duk watan Agusta sabbin ɗalibai za su kwararo da iyayensu masu kuɗi, in kai ba ka biya ba akwai goma a bayanka. Ɗaki ɗaya nake ciki, muna raba kicin da bayi mu huɗu, dala 900 duk wata, ba shekara ba fa, wata. Kar wanda ya buga lissafin da naira don Allah, ni na daina saboda hawan jini. Abin da ya fi ba ni haushi, ko wata uku ban yi da tarewa ba aka fara tambayata ko zan sabunta ta baɗi, ana kawo wasu yara suna leƙa ɗakina ina zaune da gajeren wando. Hukumar gari ta yi dokar rage wannan gaggawar amma farashi dai ba ta da ikon taɓa shi.

Sai dai in zan faɗi gaskiya, ko a nan ɗin akwai abin da ya burge ni. Kuɗin ajiya da ake karɓa ba a yarda ya wuce hayar wata ɗaya da rabi ba, in ka tashi kuma cikin kwana 30 ko ya dawo maka da kuɗinka ko ya rubuto maka dalla-dalla abin da ka lalata. Ku tuna lokacin da nake zaune wajen Farin Gada, na biya ejan, na biya kuɗin yarjejeniya, na biya koshin, rijiyar gidan ta ƙafe tun Janairu muna sayen ruwa wajen 'yan garuwa, da na tashi na nemi kuɗina mai gidan ya ce in bar shi da Allah. Wa zan kai wa ƙara? A nan in hita ta mutu a tsakiyar hunturu akwai ofishin da zan kira su turo mai dubawa, kuma mai gidan ya san da haka shi ya sa ba ya bari a kai can. Famfon gidan man fetur kuwa kowanne da sitikar masu awo na jiha a jikinsa, galan galan ne, ba ruwanka da zargin an taɓa mita ko an bubbuge gindin mudu.

Abin da na rasa shi ne ciniki. Ba taya, ba albarka, ba gyara, ba "kawo abin da ke hannunka ka ciko gobe". Abin da aka rubuta shi za ka biya, har ma a ɗora maka harajin kashi 6 cikin ɗari a wajen biya in ba kayan abinci ba ne. A Jos ɗalibi zai iya kai ƙarshen wata da littafin bashin mai shago da na mai shayi, ya sayi Omo na sashe, man gyaɗa na murfi, tumatir kashi ɗaya a Farin Gada a ƙara masa biyu don ya gaida mai kayan da kyau. A nan injin ne zai ce katinka bai shiga ba, ka ajiye kayan ka fita salin alin. Rana ɗaya ce nake ganin kasuwa irin tamu, Asabar ɗin da ake ƙwallon jami'a, filin yana cin mutum sama da dubu ɗari, sai ka ga masu gidajen kusa sun fito da kwali a hannu suna sayar da wajen fakin a kan ciyawar ƙofar gidansu, kuɗi hannu, kamar 'yan kamasho a tasha. Ranar sai da na ji kamar ina kasuwar Terminus ta Jos.

Sufuri kuma bas ɗin gari kyauta nake hawa da katin makaranta, yana zuwa a kan lokaci, amma in ka makara da minti ɗaya ka tsaya cikin ƙanƙara kana jiran na gaba, ba keke ba acaɓa da za ka ɗaga wa hannu. Na tuna surutun da muka sha a 2012 da aka hana acaɓa a Jos, Kawu har cewa ka yi an kashe gari, to nan tun asali babu, kuma ba wanda ke kuka.

Yaya, maganar shagon da ka ce in duba maka ko za mu buɗe a nan, ka bar kuɗinka a kasuwar Katako tukuna, lasisi da inshora da hayar shago za su cinye jarin kafin kwastoma na farko ya shigo. Naman halal sai na je Dearborn nake samun mai sauƙi, tafiyar kamar minti 40 a mota, shi ma sai na jira wani ɗan Nijar mai mota ya shirya. In mai tahowa ya samu a aiko min da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, amma kar a sa kilishi, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za su karɓe. A gaida Inna, a ce mata ina sa hular sanyin da ta saya min.